Ranar da Kakata Ta Binne Ƙeyata a Katagum

Tun ina ƙarami akwai tawadar Allah a ƙeyata, daidai inda wuyan riga yake gogawa. Shekara da shekaru tana zaune lafiya, ba ta ci mini ba ta sha mini ba. Sai da na shiga aji huɗu na sakandare ta ga dama ta fara girma. Daga ƙwayar gero ta koma wake, daga wake ta koma gurjiya. Ni dai a lissafina ta kai goriba, amma Umma ta ce in ji tsoron Allah, ba ta taɓa wuce gurjiya ba. To mu bar shi a gurjiya, amma irin wadda aka yi wa taki.

Ba girman ne ya dame ni ba, munin ne. Abu baƙi ƙirin, samansa kurzunu-kurzunu kamar bayan kwaɗo, ga gashi uku zara-zara sun tsaya a kai kamar masu gadi. In na yi gumi sai ya riƙa ƙyalli. In riga ta goge shi sai ya yi jini, jinin ya bushe ya manne da wuyan rigar, in zan cire sai na ji ɗan ƙara. 'Yan ajinmu suka raɗa mini Mai Kai Biyu. Wanda ke zama a bayana ya roƙi malami a canza masa wuri, wai abin yana kallonsa har ya kasa rubutu. Mai askin unguwarmu kuwa in ya zo wurin sai ya kewaye shi da injin yana kau da kai, kamar direban da ya ga mushe a titi.

Ni ina dariya, Umma ba ta yi. Shekara uku kafin nan goggona, ƙanwar Baba, ta rasu. Ciwon nata ya fara ne da ɗan baƙin tabo a tafin ƙafa. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ba a je asibiti ba sai da abin ya riga ya bi jiki. A gidanmu ba a kiran sunan wannan ciwon. Amma na lura duk lokacin da na juya baya, idon Umma yana kan ƙeyata.

Likitan da muka gani a asibiti nan Azare ya danna abin, ya auna shi da ɗan ma'auni, ya ce mai yiwuwa ba komai ba ne, amma ido ba ya yanke wannan hukunci. Sai an cire shi an kai gwaji. Ya sa mana ranar Juma'a da safe.

Ranar Alhamis sai ga Hajiya, kakata mahaifiyar Baba, daga Katagum, da ƙullin bandar kifi da jakarta ta Makka. Tun daga ƙofa ta fara:

"Ina mijin nawa? An ce za a yanka shi, na ce bari in zo in karɓi gadona."

Na ce, "Wane gado, Hajiya? Takalmin ƙwallo ne da caja. Kuma ni na sake ki tun bara, haƙora sun ƙare."

"Kai dai ka ji da ƙahon da ya fito maka. Juyo in gani." Ta duba, ta taɓe baki. "Wannan ɗin? Da wanzami ne, kafin a ɗaura alwala ya gama."

Da safe aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi, aka ce in kwanta rub da ciki. Nas ta goge mini ƙeya da wani ruwa ja mai sanyi wanda ya gangaro har cikin kunnena, aka lulluɓe ni da koren ƙyalle mai rami a tsakiya. Likita ya ce, "Yanzu za ka ji kamar cizon cinnaka." Ban san irin cinnakun garinsu ba. Namu na Azare dai ba su kai tsawon mashi ba.

Bayan allurar wurin ya mutu, zafi ya tafi. Da ma zafin aka bar mini aka ɗauke mini ji. Domin ina jin komai. Ina jin ana jan fatata kamar ana jan wuyan buhu. Ina jin ƙaran aska, ƙurus-ƙurus, irin na mahauci in ya zo kan jijiya. Wani abu mai ɗumi ya silalo gefen wuyana, nas ta share tana ba likita labarin tsadar tumatir. Tumatir! Ni ana feɗe ni, su suna cefane.

Can sai na ji wani inji ya yi tsuwwa, wari ya tashi. Warin babbakar kan rago ne sak, irin na washegarin Babbar Sallah. Na ce, "Likita, ana gashi a kusa ne?"

Ya ce, "Kai ne. Jini muke tsayarwa."

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, ban karya ba a ranar, kuma da warin ya shiga hancina cikina ya yi ƙugi. Cikina, a kan namana. Na kwana biyu ban yafe masa ba.

Ɗinki biyar aka yi mini. Da na tashi zaune sai nas ta miƙo wa Baba wata 'yar roba mai jan murfi, an naɗe bakinta da filasta, an rubuta sunana a jiki. A ciki, cikin wani ruwa garau, ga mutumin nawa yana lilo. Ya yi fari-fari ta ƙasa, da ɗan kitse rawaya yana reto, gashin nan uku kuwa suna nan a tsaye, ko gezau. Na kasa daina kallo.

Likita ya ce wa Baba a kai shi Kano ranar Litinin tare da takardar da ya rubuta, can za a yayyanka shi a duba. Ya ce kada a buɗe, kada a bar shi a rana, kada ruwan ya zube. Sannan ya dube ni, don ya ga alamar ba ni da kai.

"Saurayi, wannan shi kaɗai ne. Duka na cire, babu ragowar da zan sake ɗiba. In ya ɓace ba mu da hanyar sanin ko mene ne. Sai dai in mayar da kai kan gadon nan in faɗaɗa yankan saboda kariya, sannan mu zauna muna zato shekara da shekaru. Ka gane?"

Na ce na gane. Kuma wallahi a lokacin na gane. Kafin mu isa gida ne ganewar ta zube a hanya.

Baba ya ɗora robar a kan durowar ɗakinsa ya tafi masallaci. Ni kuwa na ɗauko ta. Na zaga da ita tsakar gida. Na ɗauke ta hoto na tura wa 'yan ajinmu, na rubuta cewa Mai Kai Biyu ya sauka lafiya, an samu namiji. Da aka zuba abincin rana, ƙanwata, wadda take bi na, ta zauna da kwanon ɗanwakenta, sai na lallaɓa na ajiye robar a gefen kwanon.

Na ce, "Gaishe da yayanki. Kin ga kamarsu da na cikin kwanon?"

Ta duba robar, ta duba ɗanwaken. Sai ta tashi da gudu ta nufi bakin rariya, ta mayar da har abin da ta ci shekaranjiya. Na yi dariya sai da ɗinkina ya ja.

Hajiya tana kan tabarma tana kallo. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Kai. Naman mutum ne fa a hannunka."

"Ai nawa ne, Hajiya."

"Naka? Kai ka halicce shi?"

"To ai ni na yi renonsa shekara goma sha shida."

Ba ta tanka ba. Ta bi robar da ido har na mayar da ita kan durowa. Da ina da hankali, da shirun nan ya ishe ni gargaɗi, don Hajiya ba ta taɓa barin na ci ta da baki ba.

Washegari Asabar Hajiya ta ce akuyarta na gab da haihuwa, ta bi motar farko. Sai wajen hantsi Baba ya shiga ɗaki ya fito yana tambayar wa ya taɓa robar. Kowa ya dube ni. Na rantse, na kuma rantsewa. Muka ɗaga katifa, muka leƙa ƙarƙashin gado, har cikin firji na duba. Can ƙanwata, da take jin daɗin ganina cikin tashin hankali, ta ce da sassafe ta ga Hajiya ta fito daga ɗakin Baba tana cusa wani abu a jakar Makka.

Umma kuwa zama kawai ta yi a ƙasa inda take tsaye, da ludayi a hannunta. Ban taɓa ganin ta zauna haka ba sai ranar da aka zo da labarin goggo. A nan dariya ta ƙare mini.

Baba ya kira wayar Hajiya sau bakwai. Wayar Hajiya kuwa a cikin kwanon samira take kwana, a rufe, don kada ta lalace. Baba ya ce, "Binne shi za ta yi." Ya san uwarsa. A wurin Hajiya duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, gashi ne, farce ne, haƙori ne, ƙasa ce makomarsa. Ko aski aka yi wa jikokinta sai ta tattare gashin ta tona rami.

Muka shiga mota ni da Baba. Duk ramin da muka faɗa tsakanin Azare da Gadau sai da ɗinkina ya ƙirga shi. Baba bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ni kuwa ina ta hango koren ƙyallen nan da warin babbaka, da Umma tana bin ƙeyata da kallo har in yi furfura.

Mun isa Katagum kafin azahar. Muka tarar da Hajiya a inuwa tana gyaran zogale, fuskar nan fes, irin ta wanda ya sauke farali. Akuya kuwa tana gefe tana tuƙa, ko alamar ciki babu.

Ta ce, "Lale. Ai da kun huta, an riga an gama. Na yi masa sutura."

Baba ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Ya ce, "Hajiya, da ma likita ne ya ce…"

"Likita ne ya haife shi? Abu ya fita daga jikin yaro, ana yawo da shi a kwanon abinci kamar yaji. Sannan a kai shi Kano a daddatsa, a zubar a bola karnuka su ci? Ba da raina ba."

Baba ya ƙara sunkuyar da kai. Mutumin da in ya yi gyaran murya a gida har kaji suke natsuwa, ga shi ya zama ɗan yaye. Ba zai iya musu da ita ba, kuma ta sani. Ya ɗan waigo ya dube ni. A duk zuriyar nan jika ne kaɗai yake da lasisin ja-in-ja da Hajiya.

Na fara da abin da na iya. Na ce, "Haba amarya, kin binne miji tun yana da rai? Aƙalla ki bari in halarci jana'izata."

"Kai ka ja. Da ka riƙe shi da mutunci da ban taɓa ba."

"To nuna mini kabarin in yi masa addu'a."

"Ka yi daga nan, tana isa."

Na ga wasa ba zai yi ba. Na zauna kusa da ita a kan tabarmar, na rasa ta inda zan fara, domin ban saba magana ba tare da tsokana ba. Na ce, "Hajiya, ba don wulaƙanci za a kai shi ba. So ake a gane ko irin na goggo ne."

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen.

Na ce, "Nata ba a duba ba sai da lokaci ya wuce. Nawa an samu an cire da wuri. In mugu ne, akwai abin da za a yi tun yanzu. In ba mugu ba ne, Umma ta samu barci. Amma in yana cikin ƙasa babu wanda zai sani, kuma likita ya ce sai ya sake yanka ni, ya fi na jiya faɗi. Ni na yi wasa da shi, na yi laifi. Amma ki ba ni shi."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Baba ya juya yana duban katanga. Can ta goge ido da bakin mayafi, ta ce zogalen nan akwai ƙura.

"Tashi. Amma da sharaɗi. In sun gama dubawa, a dawo mini da ragowar. Kuma kai za ka tono, tunda kai ka mai da shi abin wasa."

Ta kai mu bayan ɗakinta, lungun da ruwan wanka yake bi ya fita. A nan aka binne mabiyiyar duk wanda aka haifa a gidan, har da ni, shi ya sa ta ɗauko abin tun daga Azare don ya kwanta kusa da 'yar'uwarsa. Wurin kuwa, Allah ya kiyaye. Ƙasa baƙa, jiƙaƙƙiya, da gansakuka da kumfar sabulun shekara arba'in, agwagi sun yi ta sauke nasu a kai. Wari yana da hawa-hawa, na wurin nan bene ne.

Baba ya ɗauko fartanya, Hajiya ta hana, wai za a fasa. Da hannu. Likita ya ce kada in sunkuya, saboda haka na durƙusa da wuya a miƙe kamar raƙumi, ina laluben ƙasa ba na ganin abin da nake taɓawa. Laka tana shiga ƙarƙashin farcena. Wata tana ta naɗe mini yatsa, na yi ihun da ya tashi tantabarun maƙwabta. Yatsana ya ci karo da wani abu mai tauri na ce na samu.

Hajiya ta leƙo. "Wannan tsingaro ne, mabiyiyar babanka ce a nan. Kada ka tone mini ɗa. Matsa hagu."

Na matsa hagu.

"Ba can ba, nan ta ƙanwarka ce. Kai ko a ƙasa ba za ka bar yarinyar nan ta huta ba? Gaba kaɗan."

Baba, da ya yini bai yi murmushi ba, sai da ya rufe baki da hula.

Da na zura hannu har gwiwar hannu sai na ji santsin leda. Na jawo. Baƙar leda ce, a ciki farin ƙyalle sabo an naɗe shi tsaf an ɗaure da zare, a cikin ƙyallen ga robata. Sunana yana nan. Mutumin yana nan yana lilo da gashinsa uku. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin wannan ƙazamin abu ba, amma saura kaɗan in sumbace shi. Sai na lura filastar bakin a kwance take, ruwan kuma ya ɗan ragu.

Baba ya ce, "Hajiya, an buɗe ne?"

Ta kau da kai. "Wanka na so in yi masa. Ina buɗewa wani wari ya doke ni, idona ya kama ruwa, hancina kamar an zuba barkono. Na ce to, waɗannan sun riga sun yi masa nasu wankan. Na mayar na rufe."

Baba ya kira likita a waya, ya koma gefe yana bayani da ƙaramar murya. Ina jiyo shirun likitan daga inda nake. Daga ƙarshe ya tambaya ko naman yana nutse cikin ruwan har yanzu. Muka ɗaga robar sama mu uku muna leƙe. Yana nutse. Ya ce to a ɗaure bakin da kyau, kuma don Allah a ajiye ta inda babu tsoho babu yaro.

Na wanke hannu da sabulu sau shida da toka sau biyu. Hajiya ta kawo tuwo da miyar kifi, na ce a ba ni cokali. Har muka dawo Azare robar tana aljihun Baba, ya dafe ta da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. Ranar Litinin ya kai ta Kano da kansa.

Sati uku muka yi muna jira. A ciki aka cire mini ɗinki, ana jan zaren ina jin yana bi ta cikin fata kamar tsutsa. Umma ta rage cin abinci. Ni ma na rage surutu, har malamin lissafi ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Ranar da takarda ta zo, likita ya karanta ya ce tawada ce kawai ta yi ƙiba, babu mugun abu a ciki, kuma an cire ta duka. Umma ta sa ya maimaita. Ya maimaita. Ta ce alhamdu lillahi ta fi sau goma, sannan ta juyo ta make ni a kafaɗa, wai na hoton da na tura wa 'yan aji ne, ta daɗe tana ajiye da shi.

Saura sharaɗin Hajiya. Baba ya tambaya a Kano, aka ce an yayyanka naman an daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, yana cikin ajiyarsu, ba a bayarwa. Ni kuwa da ma na yi tanadi. Ranar cire ɗinki na roƙi nas ta ba ni zaren, ta dube ni kamar mahaukaci ta ƙunsa mini a auduga. Guntaye biyar, baƙaƙe, da ɓawon busasshen jini a jiki.

Da hutu na kai wa Hajiya. Na faɗa mata sakamakon tukuna. Ta sa na juya, ta shafa tabon da yatsa. Sannan ta buɗe audugar.

"Mene ne wannan?"

"Ragowar ke nan."

"Sun cinye naman sun aiko mini da zare?"

Na ce, "Ai kin san mutanen Kano."

Ta yi tsaki, ta tashi ta yago farin ƙyalle. Ramin yana nan yadda na bar shi, ta kife shi da fasasshen kasko don kada agwagi su cike. Ta ce in durƙusa in sa da hannuna, kuma in kula da babana yana dama.